Ɓawon da Mati Ya Tara a Buta

Mati yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne mai shayin kwatarmu, wato inda jiragen ruwa ke tsayawa a bakin tafki kafin su gangara Wara ko su haura Yauri. Ni bandar kifi nake yi, rumfata tana kallon teburinsa. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi. Kuma in faɗa tun yanzu, ban zo raba gardama ba. Bayan yayana nake, wanda ya ga na yi son kai ya je ya ba da nasa labarin.

Iyayenmu mutanen gungu ne. A tsibiri aka haifi Mati, tsakiyar Kwara, yana goye aka gama dam ɗin Kainji, ruwa ya taso, aka kwashe mutanenmu zuwa tudu. Inna ba ta fito da wani abin kirki ba sai shi a bayanta, da wata baƙar randa da ta rungume a cikin jirgi har aka iso gaɓa. Ni a tudu aka haife ni. Har Inna ta koma ga Allah ba ta yarda da ruwan rijiya ba, takan ce ruwan ƙasa nauyi gare shi, na gulbi ne mai sauƙin sha. Mu duka mun ji wannan magana muna yara, amma Mati ne ya riƙe ta.

Da kamun kifi ya fara kamar kowane namiji a gidanmu, sai dai ƙirjinsa bai ɗauki sanyin ruwa ba. Tari ya sa shi gaba, Baba ya ce ya hau tudu ya nemi abin yi. Shi ne ya kafa tebur da benci biyu a ƙarƙashin bishiyar ɗorawa ta bakin kwata, ya ajiye randar Inna a gindinta. Mutum ne dogo, marar magana. In ka gaishe shi sau uku ya amsa ɗaya, to ka ci riba. Matarsa ta rasu da jimawa, 'ya'yansa mata suna gidajen mazajensu a Ngaski da Yelwa, saboda haka teburin nan shi ne gidansa, shi ne majalisarsa, shi ne kuma mutuncinsa.

Aikinsa kuwa ba a kan wuta yake farawa ba. Da an idar da sallar asuba zai tura ɗan kwale-kwalensa, ya wuce inda ake wanki, ya wuce inda jirage ke zubar da mai, har ya kai inda ruwa ke tafiya sosai. Can yake cika jarkokinsa. Mu ruwan tsakiya muke ce masa. In ya dawo ya juye a randa ya bar shi ya kwana ya kwanta, washegari ya tace da farin ƙyalle, ya tafasa shi tafasa mai kyau. Shayin da ke fitowa ja ne garau, kana hangen gindin tambulan ta cikinsa. Ba ya cika masa citta da kanumfari, yakan ce wanda ya cika kayan yaji akwai abin da yake ɓoyewa. Direbobin jirgi kuma gahawa baƙa suke sha don kore barci, ita ma a hannunsa ɗacinta mai daɗi ne, ƙamshinta yana tarar mutum tun daga bakin ruwa. 'Yan kasuwar albasa na Yauri sukan haƙura da yunwa a jirgi har su iso wurinsa.

Ana nan aka haƙa mana burtsatse a bayan masallaci. Ba zan yi butulci ba, ruwan fari ne tas, kuma ciwon cikin yara ya ragu. Amma zartsi gare shi. Kowace mace a garin nan ta san halinsa: sabulu ba ya kumfa sai kin kusa ƙarar da shi, wake sai ya cinye miki itace kafin ya nuna, tukunyar da ake tafasa shi a ciki kuma kafin wata ya zagayo ta yi farin ɓawo a gindi kamar an shafe ta da alli. Mati ya gwada shi sau ɗaya a shayi. Ruwan ya fito duhu-duhu, ba ja ba baƙi ba, wata yana irin ta saman kunu ta kwanta a samansa tana manne wa tambulan, ɗanɗanon ganyen ya mutu, sai wani bauri da ke tsayawa a harshe. Gahawa ma haka, ƙamshi ya gudu ya bar ɗaci tsirara. Ya zubar, ya ɗauraye butarsa, bai sake ba.

Sai Jibrin ya zo. Daga wajen Shanga yake, burodi yake kawowa a jirgi ran kasuwa, ɗan gajere mai yawan dariya, irin mutanen da ke gaishe ka da hannu biyu suna ƙirga haƙoranka. Ya roƙi Mati ya bar shi ya jingina kwalayen burodinsa a ƙarshen benci. Na ce wa Mati kada ya yarda, idon mutumin nan ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce mai shayi da mai burodi ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To, samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama. Daga ran kasuwa ya koma kullum, daga kullum ya kama ɗaki a gari. Kwano ɗaya suke cin tuwo da Mati, ni nake tuƙa shi, Allah ya isa tsakanina da wannan tuwo.

Shekarar da jirgin kasuwa ya kife ita ce ta buɗe masa ƙofa. Jirgin ya taso maƙil da mutane da buhuna, ya bugi kututturen da ruwa ya rufe, ya dare. Ba na son tuna wannan rana. Duk mai kwale-kwale ya shiga ruwa nema, har Mati da ƙirjin nan nasa. Waɗanda aka samu aka jera su a bakin kwata aka rufa musu zannuwa. Cikin waɗanda ba a samu ba har da Nafisa, 'yar Arzika Sarkin Kwata, da jaririnta a baya. Arzika shi ne mai faɗa a ji a bakin ruwan nan, shi ke cewa wane ya tsaya nan, wane ya kafa rumfa can. A jirgi ɗaya suka yi ta yawon nemanta da Mati har aka haƙura. Daga nan tari ya kayar da Mati, muka kai shi asibiti a Wara, ya daɗe a kwance.

Yana kwance Jibrin ya tare a zauren Arzika. Shi ne shimfiɗa tabarma, shi ne karɓar masu gaisuwa, shi ne share hawaye. Kuma a nan ya zuba dafinsa, waɗanda ke wurin suka kawo mini maganar yadda ya faɗe ta. Ya ce, “Sarki, ni dai abin na damuna. Ruwan da ke riƙe da ɗiyarka da jikanka, shi Mati ka ɗebowa shi dahwa muku, ku sha da suga kuna lashe baki. Ga ruwan burtsatse mai tsarki Allah ya kawo.” Mutumin da ke cikin zafin rashi, me ba zai shiga kunnensa ba? Kafin mu dawo daga Wara sunan ya bi gari: shayin gawa.

Ranar da Mati ya koma bakin aikinsa, a rame, yana tafiya yana hutawa, ya tarar an jawo teburinsa gefe. A gindin ɗorawa ga sabon tebur, ga ƙatuwar buta sabuwa fil tana ƙyalli a kan wuta, ga Jibrin a bayanta yana fifita gawayi. Arzika yana zaune a benci, mutane sun kewaye shi.

Arzika ya ce, “Mati, ɗauke kayanka. Ɗiyata na cikin ruwan ga, kai ko kana ɗebo shi kana sai da ma mutane. Na rantse da Allah ruwan gulbin ga ba shi ƙara shiga bakina. Kuma ba a ƙara dahwa shi a kwatar ga ina raye.”

Mati ya ce, “Sarki, ni da kai munka nemi Nafisa. Tun kakanni ruwan ga muka sha, shina ɗaukar namu, shina ba mu kihi. Yau anka hwara mutuwa cikinai?”

Da Arzika ya tsaya a nan, da wataƙila ban ba da wannan labari ba. Amma ya tashi, ya nufi randar Inna, ya sa ƙafa ya tura ta. Wai zubar da ruwan yake son yi. Randar ta bugi saiwar ɗorawa ta rabe gida uku. Randar da ta tsira daga gungu, ta haye Kwara a ƙirjin uwarmu. Na yi kururuwa, na ɗauki wuƙar kifi, mata suka riƙe ni. Jibrin ya sunkuyar da kai yana salati, amma na ga gefen bakinsa.

Mati bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya tattara gutsattsarin randar a cikin rigarsa, sannan ya miƙe ya dubi Arzika. Ya ce, “Na ji rantsuwarka, Sarki. Ga tawa: ruwan gulbi dai, daga hannuna ba ka ƙara shan shi.” Mutane suka ɗauka sallamawa ya yi. Ni ma haka na ɗauka, har na yi fushi da shi na kwana biyu ban kai masa tuwo ba.

Ya koma zauren gidansa a bayan gari yana ɗinkin koma da taru na masunta. Waɗanda suka yi shekaru suna shan shayinsa suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Amma kullum da asuba sai ya tura kwale-kwale ya ɗebo ruwan tsakiya, ya dafa ɗan shayinsa shi kaɗai ya sha. Ni kuwa ina rumfata ina kallon Jibrin, hayaƙin banda na cin idona, baƙin ciki na cin zuciyata.

Abu ɗaya ya riƙa sanyaya mini rai, shayin Jibrin ba ya shayuwa. Mai ruwa yana turo masa jarkokin burtsatse a kura, a gaban kowa, shi kuma yana ta shelar tsarki. Amma in ya zuba sai ka ga mutum ya kurɓa ya yamutse fuska, ya sa baki yana hure yanar da ke sama. Jibrin ya ƙara ganye, abin ya ƙara baƙi. Ya ƙara citta har tana ƙona maƙogwaro. Ya ƙara suga, ya sauya ganye, ya zargi mai madara, daga ƙarshe har buta ya sauya. Direbobi suka ce gahawarsa kamar an jiƙa toka. 'Yan albasa suka koma zuwa da nasu a fulas daga Yauri. Arzika kaɗai ke shanyewa tas, shi da ba ya sa madara, yana haɗiya kamar magani don kada a ce ya yi kuskure. Kullum da yamma sai in je in ba Mati labari ina dariya, shi kuma yana jan zarensa.

Bayan 'yan watanni sai abin ya juya. Na lura an daina yamutsa fuska. Benci ya fara cika, 'yan albasa suka bar fulas a gida, har na ji wani direba yana cewa hannun Jibrin ya faɗa. Kurar mai ruwa kuwa ba ta fasa zuwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ruwa ba ya tsami banza, ba ya kuma yin daɗi banza. Na ba wata maƙwabciyata kwano ta sayo mini baƙin shayi, na rufe shi da mayafi na kai wa Mati.

Ya juye a tambulan ya ɗaga wa haske. Ja ne, ana ganin gindi, babu yana ko kaɗan. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya tofar a bakin zaure.

Ya ce, “Wanga ruwan gulbi na, Asma'u. Kuma ba na tsakiya ba. Na bakin kwata na, ga warin laka nan da na man jirgi, citta ta ɓoye shi.”

Na miƙe ina ɗaura ɗamara. Na ce, “Yaya, yanzun ga za ni tara mai jama'a. Wallahi sai na yi mai tsirara a kasuwa!”

Ya ce, “Zauna. In kin je yanzu mi za ki nuna? Harshena? Wa ka yarda da harshen mai shayin gawa? Bari shi. Bari Sarki shi sha, shi ƙoshi.”

Ran kasuwar Wara da ta biyo ya je ya sayo buta sabuwa, irin ta Jibrin sak, sai dai ƙarama. Daga ranar ya tsiri wani abu da ya sa na fara tsoron ko ciwon ya taɓa masa kai. Kullum da hantsi zai ɗauki bokiti ya bi layin mata a burtsatse, shi da ya tsani ruwan, ya ɗebo, ya cika butar, ya tafasa har ta kusa ƙonewa, sannan ya zubar a bayan gida. Ba ganye, ba suga, ba ya sha, ba ya ba kowa, kuma ba ya wanke ta. Mata suka riƙa yi masa dariya a layi, wai Mati ya tuba ya koma ruwan tsarki. Na tambaye shi, na sake tambaya. Ya ce, “Kiwo nike.” Sai da wata rana ya buɗe mini murfin na leƙa, sannan na gane abin da yake kiwo. Na zauna a ƙasa na yi dariya har da hawaye. Daga ranar ni nake kai masa itacen tafasawa daga na bandata.

Jiran ya yi mini tsawo, ba zan ɓoye ba. Kullum ina ganin Jibrin yana ƙiba, ya sayi babur, ya ɗinka shadda, yana zuba wa Arzika shayi da hannu biyu yana cewa, “Na burtsatse na, Sarki, sha da kwanciyar rai.” Har yakan ɗaga mini hannu ya ce, “Hajiyar kihi, ina gajiya?” Ni kuma in amsa da fara'a, don wanda ya san ranar biki ba ya fushi da jinkirin makaɗi. A zuciyata kuwa ina cewa rana dubu ta ɓarawo.

Da shekara ta zagayo Arzika ya tara mutane a bakin kwata don yi wa waɗanda ruwa ya ci addu'a. Da safe ne, an shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, liman ya zo, mutanen ƙauyuka sun zo a jirage, mata muna gefe da ƙosai da masa na sadaka. Jibrin ne mai shayin taro. An shafa fatiha, an fara rabo, Arzika yana riƙe da tambulan ɗinsa ya sha rabi, sai ga Mati da ƙunshi a hammata. Wannan ranar ya zaɓa, kuma da gangan ya zaɓe ta.

Ya yi sallama, ya yi wa kowa gaisuwar rashi, ya tsuguna a gaban Arzika. Ya ce, “Sarki, ba hwaɗa ya kawo ni ba, tambaya ta. Mata, ku da ka dahwa abinci da ruwan burtsatse, ku matso ku gani.”

Ya kwance ƙunshin ya buɗe murfin butarsa. Cikinta fari fat, ɓawo ya yi kauri a gindi da gefe. Ya sa cokali ya ɓamɓaro wani yanki ya ɗora a tafin Arzika. Mata suka ce ai haka tukwanensu suke, wannan ba labari ba ne.

Mati ya ce, “Butar ga ƙanwar ta Jibrin ta, bayan tashi na saye ta. Sau guda nike tahwasa ruwan burtsatse cikinta a yini. Tashi kuwa tun asuba har la'asar tana bisa wuta. Jibrin, buɗe taka mu gani.”

Jibrin ya yi dariyar nan tasa, amma ta fito a bushe. Ya ce, “Haba Malam Mati, ranar addu'a? Ai tsabta ta. Kullum da toka da soson ƙarhe nike goge ta.”

Ban jira an ba ni izini ba. Na ture shi, na sauke butar daga wuta, na buɗe. Cikinta sumul, sai ɗan jan ganye. Na zaro tsinke daga tsintsiya na zura a hancin butar Mati, ya fito da farin gari. Na zura wani a hancin ta Jibrin, na juya na juya, ya fito ba komai. Na ɗaga su biyu sama. Wata tsohuwa ta ce, “Wane soso ka shiga hancin buta, ɗan nan?” Mata suka kwashe da shewa, liman ya tsawatar.

Arzika ya dubi tsinkayen biyu. Ya ajiye tambulan ɗinsa a tabarma, ya tashi, ya ɗauki bokiti da kansa ya nufi bayan masallaci. Ba wanda ya motsa har ya dawo. Ya sa aka ɗora ruwan a wata tukunya mai tsabta, ya ce Jibrin ya zuba ganyensa da hannunsa, yadda ya saba. Jibrin ya zuba. Da ya tafasa aka zuba a tambulan aka ajiye kusa da na Arzika. Ɗaya ja garau, ɗaya duhu da yana tana yawo a kai. Ko makaho ya shinshina zai raba su.

Arzika ya kurɓi sabon. Ya ce, “Wanga shi na irin wanda nas sha hwarkon zuwanka.” Ya nuna wanda ya sha rabi. “Wanga hwa, Jibrin?”

Jibrin ya ce, “Sarki, mutane na gudu, ciniki ya mutu, ni kuma ga iyali...”

Arzika ya zagaya bayan tebur ya ture kwalayen burodi. Jarkoki biyu ne a ɓoye a can, daban da na mai ruwa da ke jere a gaba. Ya buɗe ɗaya ya kai hanci. Wanda aka haifa a bakin Kwara ba ya bukatar a gaya masa warin ruwanta.

A nan ya isa a tsaya. Amma Mati ya ƙara. Ya ce, “Kuma ba na tsakiya ba na, Sarki. Ba shi da jirgi. Nan shika ɗiba, bakin kwata, daidai inda munka jera su.” Ya nuna wurin da hannu.

Arzika ya dubi wurin. Ya taka a hankali zuwa bayan wani jirgi da aka kife a gaɓa, muka ji yana amai, yana kiran sunan Nafisa. Na san yarinyar, a gabana ta girma, kuma na ji abin a ƙirjina. Amma na tuna randar Inna a rabe gida uku, na tuna yayana yana bin bango don kada a kira shi mai shayin gawa, sai idona ya bushe. Ban ce Mati ya yi daidai ba a gaban Allah. Na ce dai na ji daɗi, kuma har yau ina ji.

Samari suka so su jefa Jibrin a ruwan da yake ɗiba, liman ya shiga tsakani. Jirgin azahar ya bi, ba wanda ya taya shi ɗaukar kaya, ba wanda ya ce Allah ya kiyaye. Na raka shi da ido har jirgin ya zama ɗigo. Butarsa ya bari a nan don sauri. Na cire mata murfi na ajiye ta a bayan rumfata, agwagina ke shan ruwa a ciki.

Ba wanda ya ce wa Mati ya dawo, ba kuma wanda ya hana. Da safe kawai aka ga teburinsa a gindin ɗorawa, da sabuwar randa ja wadda ba ta kai ta Inna sanyi ba. Waɗanda suka riƙa sauya hanya suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna washe baki, wai dama su ba su taɓa yarda da zancen ba. Ya zuba musu kamar yadda ya saba. Ni ce dai nake tuna wa kowa abin da ya faɗa, da ranar da ya faɗe shi, yana cikin kurɓa.

Arzika ya daɗe bai fito ba. Aka ce ya je wurin liman, liman ya gaya masa ruwa mai gudu tsarkakke ne, wanda aka yaudara kuma ba shi da laifi, in yana son warware rantsuwarsa ya ciyar da miskinai. Ya ciyar. Sannan wata safiya ya zo, ya tsufa ƙwarai, ya zauna a ƙarshen benci inda kwalayen Jibrin suke a da.

Ya ce, “Mati, na yi maka ba daidai ba. Na yi kaffara, rantsuwata ta warware. Zuba min shayi.”

Mati ya ce, “To, Sarki.” Ya wuce babbar butar da kowa ke sha daga cikinta, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo ƙaramar nan mai ɓawo. Ya cika ta daga wata jarka da ya ajiye daban, ya ɗora a gefen wuta, ya zuba ganye. Da ta tafasa ya tsiyaya a tambulan ya miƙa da hannu biyu. Duhu, da yana a sama.

Arzika ya dubi tambulan, ya dubi na mutumin da ke kusa da shi. Ya ce, “Na ce maka na yi kaffara.”

Mati ya ce, “Taka ka yi ma kaffara, Sarki. Ni ban yi ma tawa ba.”

Yau shekaru ke nan haka ake yi. Kullum Mati yana ɗebo ruwan tsakiya na jama'a, sannan ya bi layin burtsatse ya ɗebo jarka guda ta mutum ɗaya. Kullum Arzika yana zuwa, don ba wani mai shayi a kwatar, kuma a bencin nan ake yanke maganar jirage. Ko dole ce ke kawo shi, ko biyan laifi yake yi, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Liman ya sa baki, 'ya'yan Mati sun zo daga Yelwa sun roƙa, bai sauya ba. Ɓawon butar ya yi kauri har ruwan da take ci ya ragu.

Kwanan baya, ina juya kifi a kan wayar banda, na ji Arzika ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa, “Har yaushe, Mati?”

Mati ya ɗaga kai ya dubi reshen ɗorawa, inda ya rataye gutsattsarin randar nan uku a cikin tsohuwar koma. Ya ce, “Ran da randar Inna ta haɗe.”

Arzika ya hure yanar gefe guda ya sha.